Sunan Lirwanu

Ana jibi Sallah, Hajjo ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar masaƙarta da ke Boɗinga, ta zauna rabon tukuici kamar yadda ta saba. Tun rasuwar mijinta ita ke sayen zare, ita ke ciyar da masaƙa, kowa kuma Inna yake ce mata.

Tsohuwar ba ta da rowa, ko maƙiyinta ya shaida. Sai ta kira sunan mutum da ƙarfi, ta yabi aikinsa a gaban jama'a, sannan ta miƙa masa riga ko tunkiya. Ta kira Ya'u. Ta kira Ɗantani. Har Muhammadu, wanda ba ya wuni bai tsinka zare ba, ya sha yabo.

Lirwanu na tsaye a baya, zuciyarsa na tafasa. Saƙinsa fatake suke tambaya tun daga bakin kasuwa. Shi ke riga kowa zama, shi ke tashi a ƙarshe. Amma ko sau ɗaya Hajjo ba ta taɓa kama sunansa ba. In ta buƙace shi sai ta ce, “Ku kira mini wancan.” In ya shigo, ta kau da kai.

Bana ma haka ta yi. Ta tura riga mafi kyau gefen tabarma, ba ta ko dube shi ba. “A ba mutumen can.”

Lirwanu ya ratso mutane, ya ɗauki rigar, ya mayar mata gabanta.

“Inna, ba riga nika so ba. Kowa anka kira da sunanai. Ni mi niy yi? Ki hwaɗi nawa sau guda, ko ko in tahi Shagari. Mijinyawa mai masaƙar can ya daɗe shina nemana.”

Tsofaffi suka yi masa caa. Wai ba shi da kunya, wai ya fi kowa sanin abin da yake nema bai kyautu ba. Ko gezau bai yi ba. Hajjo ta ƙura wa ƙasa ido.

Ya kwance zarensa, ya naɗe, ya soke ƙoshiyar saƙarsa a ciki, ya aza a ka. Ya kama hanyar Shagari, ya rantse a ransa ba zai waiwaya ba.

Ya kusa shan kwana ke nan muryar Hajjo ta tsaga unguwar.

“Lirwanu!”

Ya tsaya cak, hawaye ya zubo masa. A bayansa mata suka kama baki, tsofaffi suka sa salati, don kaf Boɗinga ba wanda ya taɓa jin uwa ta buɗe baki ta kama sunan ɗanta na fari.