Bencin Bayan Famfo

Kullum da safe Akawu yakan goge takalmi, ya rataya jakar ofis, matarsa ta rako shi bakin ƙofa da tsohon cikinta tana yi masa a dawo lafiya. Daga nan bai zame ko'ina ba sai lambun shaƙatawa na tsakiyar gari. Kamfaninsu ya rage ma'aikata har da shi, amma maganar ta ƙi fita daga bakinsa. Likita ya ce jininta ya hau, kada wanda ya kuskura ya tayar mata da hankali kafin ta sauka.

Lambun nan da sassafe na masu motsa jiki ne, da yamma na yara da masoya. Tsakanin nan kuwa na su Akawu ne, maza masu rigar guga, kowa da bencinsa, ba mai tambayar wani me ya kawo shi. Nasa yana bayan famfo, inda shingen fulawa ke tare mutum daga titi.

Ran nan yana zaune, sai ya ɗaga kai. Ga Yaya can gindin bishiya, rabin fuskarsa a bayan jarida. Yaya kuwa wan matarsa ne, manaja a wani babban kamfani, mutumin da in ya yi gyaran murya dangi kaf ke shiga taitayinsu. Shi ne ranar ɗaurin aure ya damƙe hannun Akawu ya ce duk ranar da ƙanwarsa ta kwana da yunwa zai zo da kansa ya ɗauke ta.

Akawu ya durƙusa bayan shinge kamar mai ɗaure takalmi, ya sulale ta ƙofar baya.

Washegari ya sauya benci, ya koma wajen lilon yara. Bai gama zama ba ya hango Yaya tafe a ƙasa, yana waige-waige. Wato har mota ya ajiye nesa don kada a gane shi! Mai ban-ruwan fulawa ya ɗaga wa Yaya hannu kamar sun daɗe da sanin juna, Akawu ya ce a ransa shi ke nan, an sayi wannan ma. Sau ɗaya idanunsu suka haɗu, Yaya ya yi wuf ya ja jaridar ya rufe fuska.

Mako guda ana wannan ɓuya.  Wayar matarsa na yin ƙara sai gumi ya karyo wa Akawu. Abin da ya fi razana shi shi ne shirun Yaya, don mutumin ba ya shiru sai yana haɗa wa wani tarko. Ran Asabar da ya zo duba ƙanwarsa ko kallon Akawu bai yi ba, ya kurɓi ruwa a tsaye ya fice.

Ran Litinin hadari ya taso da hantsi. Kafin a ce me, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, kowa ya kwasa da gudu zuwa rumfar kwano ɗaya tilo da ke lambun. Akawu ya kutsa tsakiyar mutane yana kakkaɓe jaka. Sai ya ji an kama masa wuyan hannu.

Bai ko juya ba ya san kamun. An ja shi zuwa lungun rumfar, inda ƙarar ruwa a kan kwano ke danne magana. Idanun Yaya sun kaɗa sun yi ja. A ransa Akawu ya hango matarsa kwance a gadon asibiti, ya buɗe baki zai fara rantse-rantse, sai Yaya ya riga shi.

“Wa ya turo ka?” in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa.

“Yaya, wallahi ni…”

“Na san bibiyata kake, mako guda ke nan ina kauce maka. Don girman Allah ka rufa min asiri, ko uwar 'ya'yana ba ta san tun bara aka sallame ni daga aiki ba.”