Yarinyar da Sugarta Ta Daidaita

Yara tara nas ɗin ta duba tun safe, kowanne ya fita ya bar ta da ciwon kai. Likita ya gaji da kwantar da matasa masu ciwon suga, ya ce yau ba jin ta baki. Kowa ya yi allurar insulin a gabanta, ta gani da idonta.

Ta kuwa gani. Wani yaro tsinin allura ɗaya yake maimaitawa har ya lanƙwashe. Wata wuri guda take soka kullum, har gefen cibiyarta ya yi ƙulli kamar ƙwai. Wani ɗan gaye ta saman wando yake cakawa, wai kada abokai su gani.

Da ta ɗauko kati na goma sai ta saki ajiyar zuciya. Wannan 'yar shekara goma sha biyar ce. A da ba ta wata biyu ba a kwantar da ita ba, amma wata biyar ke nan awonta daidai, har ta yi ƙiba. Ita nas take nuna wa sauran in tana faɗa.

Sai a kira na biyu yarinyar ta taso.

"Ina Mama?"

"Tana wajen aiki, Anti."

Duk tambayar da nas ta yi mata, ba wadda ta kasa amsawa. A wanke hannu, a sa sabon tsini, a ƙirga goma kafin a zare. Nas ta ce ta ɗage riga. Ciki sumul. Cinya haka. Ta juya yatsunta, ko tabo babu.

"Lallai kin iya sauya wuri. To, ga lokacin abinci ya yi. Yi mu gani."

Yarinyar ta fiddo allurar daga jaka, irin mai kama da biron nan. Cike take dam. Ta murɗa ta kai lamba sha takwas kamar yadda likita ya rubuta, ta matse fatar cikinta, sai ta tsaya.

"Anti, in na koma gida na yi."

"A nan za ki yi."

"Ba na jin yunwa."

"Sauran ma haka suka ce. Akwai mutane a layi."

Tsinin ya taɓa fata. Gumi na bin wuyanta duk da fanka. Nas ta miƙe.

"Kawo in yi miki."

Yarinyar ta ja baya har kujera ta bugi bango, ta ɓoye allurar a bayanta.

"Don Allah, Anti, idan aka yi wa wanda ba shi da suga, mutuwa zai yi?"

Nas ta sauke hannunta. "Me ya kawo wannan tambaya?"

"Na rantse mata ba zan faɗa ba. Tsoron kwanciyar asibiti take yi." Hawaye suka ɓalle mata. "Tagwaye ne mu, Anti. Mai katin tana gida, tun jiya take amai, yau da safe ko gane ni ba ta yi ba."