Keken da Ya Koyi Jira

Ka kawo mini abin wasan da kake son ƙera wa yara, ka ce in duba, kuma yabon farko da ka yi masa shi ne wai ko hura shi aka yi zai tafi. To ajiye shi tukuna, in ba ka misali.

An yi wani tsohon kafinta, irin waɗanda ba sa yarda ƙofa ta fita daga hannunsu tana ƙara. Aka kawo masa jikansa yaye, ɗan 'yarsa, aka ce ya zauna wurin kakanni har bayan damina. Yaron ya doshi shekara biyu amma bai taka ba. Sa'o'insa har sun fara korar kaji a tsakar gida, shi kuwa yana nan da rarrafe, in ya dafa bango ya miƙe sai ya koma ya zauna daɓas. An kai shi asibiti, an ce ƙafafunsa lafiya lau, a ƙara haƙuri. Amma ka san bakin mutane. Wannan ta shigo ta latsa cinyar yaron ta taɓe baki, waccan ta ce Allah dai ya sa ba shan inna ba ne. Kakar takan daure, har ta riƙa tsokanarsa cewa ita ba ta auren ango malalaci. Tsohon kuwa tsoro ne ya cika shi. Duk sanda ya tuna 'yarsa za ta zo ɗaukar ɗanta ta tarar da shi yadda ta bar shi, sai ya ture kwanon tuwo gefe.

Sai ya ce zai yi wa yaron keken koyon tafiya, mai ƙafa uku da sandar riƙewa. Kowane kafinta yana haɗa irinsa da guntayen katako da ƙusa, keken yana tafiya yana kuka. Shi kuwa ya ce jikansa ya fi ƙarfin wannan. Ya zaɓi katako marar nauyi, ya goge shi sumul, sannan a maimakon ƙusa ya sa wa kowace ƙafa boris, ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye a ciki, ya cika shi da giris. Da yatsa ɗaya ya tura keken, ya ratsa tsakar gida har bakin zaure ba ko motsin ƙara. Aka tsayar da yaron, aka ɗora hannuwansa a sanda, kakar tana yi masa ta-ta-ta. Yana jingina nauyinsa, keken ya sulale gaba ya bar shi. Ya kifa da baki a kan siminti, leɓe ya fashe. Daga ranar ko bangon ma ya daina dafawa. In an ɗaga shi za a tsayar, sai ya naɗe ƙafafu yana tsala ihu. Tsohon ya rasa inda zai sa kansa, garin gyaran gira ya rasa ido. Ya wurgar da keken bayan rumbu, ya daina ko kallon wajen.

Damina ta sauka a kan keken. Katakon ya sha ruwa ya yi nauyi, ƙasa ta shiga boris, tsatsa ta kama shi. Ruwa ya fara ɗaukewa, 'yar ta aiko cewa tana tafe, tsohon kuma ya rame kamar shi aka yaye. Wata safiya yana zaure yana wasa zarto sai ya ji ƙarar ƙarfe daga cikin gida, irin ƙarar da ya tsana duk rayuwarsa. Ya leƙa. Yaron ya rarrafa har bayan rumbu, ya kama sandar keken ya miƙe, keken kuwa bai gudu ba. Ya tura, ya ƙi. Ya ƙara turawa da dukan ƙarfinsa, keken ya matsa kaɗan da ƙyar, ya tsaya. Yaron ya ɗaga ƙafa ɗaya ya bi shi, ya jawo ɗayar. Tsohon yana tsaye, kowane taku yana jiran ya ga an sake kifawa. Amma hannu ya riga ya saba, bai san sanda ya ɗauko gwangwanin mai ya nufi keken ba. Matarsa ta riƙe masa hannun riga.

"Malam, don Allah bar masa shi haka," in ji ta. "Ba ka gani ba? Jiransa yake yi."

Ya tsaya nan da gwangwani a karkace, mai yana ɗiga a kan ƙafarsa bai sani ba, har jikansa ya fito daga bayan rumbu ya ratsa tsakar gida, keken yana kuka shi yana dariya.

To kai ma koma ka dubi naka. Ban ce ka sa masa tsatsa ba, amma kafin ka ƙara masa santsi, ka tambayi kanka wa zai yi aikin, yaron ne ko abin wasan. Da tsohon nan ya yi keken ƙusa irin na kowa, wataƙila da tun farkon damina yaron ya taka. Ba banza ba Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa.