Bencin Baya

Malam Ishiyaku na Kahu ya daina zama a majalisar bakin masallaci. In an idar da la'asar, zaure yake dawowa ya zauna yana kallon ɗansa Munzali jingine da bango, sandunan dogarawa biyu a gefensa. Shekarar yaron goma sha biyar, ƙafarsa ɗaya.

Abin da ke cin ran Malam Ishiyaku shi ne bai manta komai ba. Yana tuna ranar da ya kai Munzali aji ɗaya, ɗan mitsitsi, rigar makaranta ta sauko masa har gwiwa. Saboda ƙanƙantarsa aka zaunar da shi a bencin gaba, dab da allo. Kullum sai ya dawo gida da karatu a baki, yana biya wa kaji da awaki. Shekara biyu babu mai wuce shi a jarrabawa. Uban ya ishi 'yan majalisa da zancen likitan da ya haifa.

Sai yaro ya fara tsawo, irin tsawon dangin uwarsa. Kowace shekara Khadijatu, mahaifiyarsa, sai ta kai wandonsa wurin tela a yi masa ƙari. A makaranta kuwa, kamar yadda aka saba, dogaye ake turawa baya don kada su tare wa ƙanana allo. A aji uku Munzali yana tsakiya. Kafin aji biyar ya kai bencin ƙarshe, jikin bango. Tun daga nan karatunsa ya lalace.

Khadijatu ce ta fara lura.

"Malam, yaron nan fa ƙanƙance ido yake yi in yana kallon nesa. Jiya ina bakin rijiya ina ɗaga masa hannu, ya wuce ni kamar bai san ni ba."

"Rainin hankali ne kawai," in ji Malam Ishiyaku. "Ni da na ba arba'in baya, da kaina nake zura zare a allura. Shi ɗan jiya me ya ci masa ido?"

Shi ma Munzali ya taɓa faɗa da bakinsa, sau ɗaya, ranar da ya zo na ƙarshe a aji.

"Baba, wallahi ba na ganin allo sosai."

"Sauran yaran ido huɗu gare su? Daƙiƙi kawai, ka samu abin fakewa!"

Ya ɗauko tsumagiya ya zane shi. Daga ranar Munzali bai sake ambaton idonsa ba. Sai ya koma leƙen littafin na kusa da shi, aka ce satar amsa yake yi, aka ƙara masa da wani dukan. Yara suka sa masa suna Dogo Daƙiƙi, har a gida ƙannensa suka ɗauka.

Shekara ɗaya ya yi a ƙaramar sakandare uban ya cire shi. "Kai ba na boko ba ne," ya ce, ya miƙa masa makullin babur don ya riƙa kai tumatir da albasa Kibiya da Rano. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa yadda yaron da ba ya ganin allo zai ga hanya.

Ranar wata kasuwar Kibiya, da yamma lis, Munzali ya taso zai koma gida. Wata babbar mota ta lalace a gefen titi, direban ya zuba rassan ganye tun daga nesa, kamar yadda ake yi don masu zuwa su kauce. Duk wanda ya zo ya gani ya kauce. Munzali bai ga ganyen ba. Motar ma bai gan ta ba sai da ya zo dab da ita, ya afka mata.

A asibiti a Kano aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Yana kwance yana jinya wata nas ta lura in zai sha magani sai ya kawo ƙwayar har kan hancinsa kafin ya gan ta sosai. Ta sa aka kai shi wurin likitan ido. Likitan ya duba, ya juyo ga uban.

"Malam, tun yaushe yake haka?"

Likitan bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Da an kawo shi tun yana ƙarami, tabarau kawai za a ba shi. Shi ke nan."

Ranar da aka sa masa tabarau, Munzali ya daɗe yana kallon wata darbejiya ta taga.

"Baba, ashe daga nan ana ganin ganye ɗaya-ɗaya?"

Sannan ya juya ga wani rubutu da ke can bangon ƙarshen ɗaki, ya karanta shi tas, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya dubi ubansa, babu fushi a fuskarsa, tambaya kawai.

"Baba, da ma ni ba daƙiƙi ba ne?"

Malam Ishiyaku ya fita baranda ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Har yau bai ba da amsar ba. Kullum da safe yara suna wucewa ta ƙofar zaure da kayan makaranta, Munzali yana hango su tun daga nesa, yana kiran sunan kowa. Uban sai ya sunkuyar da kai.

Iyaye, yaro yana girma, buƙatunsa suna canzawa. In ɗanku mai ƙoƙari ya fara ja da baya, ko ya ce ba ya gani, ko ba ya ji, ku yarda da shi, ku kai a duba shi kafin ku ɗauki bulala.