Ɗan Bayan da Ya Ƙi Zuwa Tibati

Gidaje huɗu aka nuna wa Edivaldo a makonsa na farko a Garoua, uku masu na'urar sanyi da maigadi. Ya zaɓi na huɗun, wani tsohon gida a lungun Roumdé Adjia mai gajeriyar ƙofa. Zacharie, tafintan da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗaukar masa saboda ya iya Fotugis tun zamansa a Luanda, ya buɗe baki zai ce ya kula da kansa, sai ya ga mutumin ya riga ya sunkuya ya shige.

Takardunsa sun ce ɗan Bahia ne, shekara ashirin da tara. Ya fara a wata ƙaramar ƙungiya a can Barazil, ya yi kakar wasa huɗu a rukuni na biyu a Fotugal, biyu a Angola. Me ya kawo irinsa arewacin Kamaru, ga rana ga ƙurar fili, babu wanda ya sani. Babu kuma wanda ya matsa, domin wasa bakwai na farko ƙwallo ɗaya kawai aka ci su. Dogo ne, baƙi wuluk, ba ya hira. 'Yan kallo suka sa masa Katanga. Ko mai tsaron gida da ba ya jin Fotugis ko kalma ɗaya ya ce bai taɓa samun ɗan baya mai saurin gane shi haka ba. Da ya ƙwala "bayanka", Katanga ya riga ya juya.

Wata Juma'a da la'asar, maƙwabciyarsu Hidaya ta kawo musu kunun gyaɗa. Tana zubawa tana ba Zacharie labarin gidan da Hausa. Ta ce na wani ɗan kasuwa ne, Malam Oumar. Yana da ɗa Sharif, mai shekara goma sha uku, mayen ƙwallo, kullum ana dukansa a kan gudu daga makaranta. Wata damina ya ɓace. Kwana biyar ana nema, sai masunta suka tsamo gawar wani yaro a kogin Binuwai, ruwa ya ɓata fuskar, amma tsayin ɗaya ne, aka yi masa sutura aka kai shi. Uban bai yi shekara ba ya bi shi. Uwar, Hadje Laila, ta koma wurin danginta a Tibati, har yau duk damina sai ta yi masa sadaka.

Zacharie ya juya zai fassara. Edivaldo ya riga ya ajiye kofinsa, kunun ya zube a tabarma.

Washegari ya ce a kai shi maƙabarta. Zacharie ya yi ta jan ƙafa, ya ce ba wurin yawon buɗe ido ba ne, amma dai suka je. Tsohon da ke kula da wurin ya nuna musu wani ɗan tudu da ciyawa ta kusa shafewa. Edivaldo ya tsaya a kansa har rana ta kai tsaka.

Daga nan Katanga ya fara zubewa. Ƙwallo ta wuce ta gefensa yana kallon wani wuri. Ya daina cin abinci sosai, ya rame, idanu suka faɗa. Duk ranar hutu yana maƙabarta. Unguwa ta ɗauka: yaron gidan ne ya kama baƙon. Hidaya ta aiko da rubutu da turare, koci ya kawo likita, shugaban ƙungiya ya ce a canza masa gida ko da ƙarfi. Edivaldo ya ce ba inda za shi. Zacharie kansa ya fara jin nauyin shiga zauren. In ya shiga, sai ya ji kamar akwai wanda ya riga shi zama a ciki.

Ana haka aka fitar da jadawalin kofi, wasansu na gaba ya faɗo a Tibati. Shugaba ya faɗa wa Zacharie ƙarara: ko Katanga ya hau mota ya buga, ko a yaga kwantiraginsa, tafinta ma ya nemi wani aikin.

Ranar tafiya da hantsi, mota ta cika a bakin fili, babu Edivaldo. Zacharie bai ma leƙa gida ba, ya hau babur zuwa maƙabarta. Edivaldo na can tsugune, jakarsa a gefe, yana cire ciyawa da hannu ɗaya bayan ɗaya.

Zacharie ya yi ta magana da Fotugis. Ya tuna masa shekarun da ya yi yana gina sunansa, ƙasa uku, ba jan kati ko ɗaya. Ya ce shi ma yana da 'ya'ya biyu da ke ci daga wannan aikin. Ya ce Tibati gari ne kamar kowane gari, tsohuwar da ke can ba ta san da zamansa a duniya ba. Da ya gaji, ya durƙusa kusa da shi.

"Yaron nan ya rasu shekara goma sha shida ke nan," ya ce. "Ba ka san shi ba, bai san ka ba. Me ya haɗa ku?"

Edivaldo ya ajiye ciyawar da ya cire. Ya kakkaɓe ƙasar hannunsa a hankali. Da ya buɗe baki, ba Fotugis ba ce ta fito, Hausa ce tsantsa, irin ta lungun Roumdé Adjia.

"Ran da na ɓace motar Douala na hau, Zacharie, ko bakin kogi ban je ba. To ɗan wa Baba ya binne a nan?"