Takardar Masu Taya Jinya

"Mutum huɗu kawai?" Shugabar zumuntar mata ta buga takardar a kan bencin coci. "Fasto ya ce wata 'yar'uwa na neman taimako, bai faɗi sunanta ba. Sai na roƙe ku?"

Ranta a ɓace yake. Ta baro mijinta kwance da shanyewar jiki. Wata biyar tana ɗaga shi ita kaɗai, kowa ya tambaya ta ce, "Da sauƙi." Ba ta tafi ba sai da ta raba musu kwanakin mako kaf.

Ran Litinin mata biyu suka yi sallama a ƙofarta, riƙe da kular abinci da sabulu.

"Kun ɓata hanya ne?"

"A'a, Mama. Fasto ya ce in ba ke kika aiko mu ba, ba za ki buɗe mana ba."