Sakata

"Ba zan buɗe ba, Kawu."

Ya dube ni kamar na zage shi. Kakata tana bayansa, tana tari a gefen mayafi. Yini guda ta yi a mota don ta duba 'yarta.

"Uwarta ce fa! Karatun naki ne zai raba uwa da 'ya?"

Na ce, "Maganin ciwon dajin ya kashe ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Jikin Mama yanzu gida ne ba maigadi. Tarin nan kaɗai ya isa ya kashe ta."

Kaka ta yi murmushi. "To, likitar gida. Ko hannunta in taɓa?"

"A'a, Kaka."

Ta ajiye zanen da ta kawo a bakin ƙofa, ta juya.

Wata uku ina gadin ƙofar nan a kan kujerar roba. Ina tafasa cokali, ina wanke hannu har fatata ta tsage. Dangi suka daina amsa gaisuwata, suka sa mini suna Sakata. Ko a jikina, na san abin da na karanta.

Ranar da likita ya ce garkuwar jikinta ta dawo, Mama ta ɗaura sabon zanen, ta ce a kai ta wajen uwarta. Kwana tara ke nan da binne Kaka. Tarin ne ajalinta, ni kuma na hana a faɗa wa Mama.

Mama tana raye, tana dariya da maƙwabta. Ko yau aka sake, haka zan yi. Amma shekara biyu ke nan ina ƙwanƙwasa ƙofar nan, ba ta buɗe mini ba.